Kyarkeci Mai Ruwan Toka: Siffofinsa, Rassansa da Danginsa a Dajin Afirka ta Yamma

Takardar da aka gabatar a wani zaman ƙara wa juna sani kan namun daji a Choggu, Tamale

Tsakure

Takardar nan ta bi diddigin abin da ya sa kyarkeci mai ruwan toka, Canis lupus, ya rarrabu zuwa rassa masu bambancin girma da launi da abinci, tun daga tsibiran ƙanƙara na Kanada har hamadar Larabawa. Hujjar da take kafawa ita ce yanayin ƙasa da cuɗanyar jini su suka ƙera waɗannan rassa, kuma cuɗanyar ta iso har Afirka ta Yamma, domin dilan Sahel da aka daɗe ana haɗa shi da dilan Asiya ya tabbata ɗan'uwan kyarkeci ne. Daga nan ta juyo kan arewacin Gana da aikin da za a iya farawa daga Tamale.

Gabatarwa



Mafi yawanmu mun fara jin labarin kyarkeci ne a makarantar allo ko wajen tafsiri, cikin Suratu Yusuf, inda aka ambace shi sau uku, kuma a ƙarshe ta bayyana ƙazafi aka yi masa. Dabbar da ƙissar take nufi tana nan har gobe a duwatsu da hamadar ƙasar Sham da yankin Larabawa. Ba ta zaune a dajin Dagbon da ke kewaye da Tamale, ba ta zaune a ƙasar Hausa. Wanda tsofaffin mafarautanmu suka sani da wannan suna shi ne karen dawa mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, Lycaon pictus, wanda dangantakarsa da mai ruwan toka ta yi nisa ƙwarai. Saboda haka duk inda na ce kyarkeci kawai a wannan takarda, mai ruwan toka nake nufi.

Mai sauraro yana da damar tambaya: me ya kawo zancen dabbar da ba tamu ba a Choggu, unguwar da gine-ginen Tamale suka riga suka cinye gonakinta? Dalili shi ne jininta yana tare da mu. Yana jikin karen da ke kwance a ƙofar gida, yana kuma jikin dilan da ke ɗauke wa makiyayi ɗan akuya a Sahel.

Halittarsa da zamansa

Carl Linnaeus ne ya ba shi sunan Canis lupus a 1758. Shi ne mafi girma a cikin dangin karnukan daji da suke raye, kuma jikinsa na tafiya ne: dogayen ƙafafu, siririn ƙirji, faffaɗan dagi. Yana iya shafe sa'o'i yana sassarfa a kan kimanin kilomita 8 a awa, idan kuma ya tasam ma abin farauta sai ya haura kilomita 50 a awa na ɗan lokaci. Haƙoransa 42 ne kamar na kare, amma turamen yankan nama da muƙamuƙinsa sun fi na kare ƙarfi, har yana fasa ƙashin cinyar babbar dabba ya sha ɓargo. Rayuwarsa ta yunwa da ƙoshi ce. Yakan yi kwanaki bai ci ba, ranar da ya samu kuma ya iya haɗiye kusan kilo 9 na nama a zama ɗaya. Masu ɗaukarsa gwanin da ba ya kuskure su dubi tsibirin Isle Royale na Amurka, inda ake bibiyar kyarketai tun 1958: a farautar ƙatuwar barewar nan da ake kira mus, nasarar da aka ga sun yi ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Tsoho da maras lafiya da ɗan ƙarami su ne akasarin abin da ke faɗa musu.

Macen tana haihuwa sau ɗaya a shekara, bayan ciki na kimanin kwana 63, 'ya'ya huɗu zuwa shida galibi. Manya sukan dawo daga farauta su amayo wa ƙananan nama, kuma yayyensu na bara suna taya reno. Tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, matashi yakan bar gida ya tafi neman abokiyar zama da yankin kansa, wani lokaci ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Dogon kukan nan da aka san su da shi, wanda ake ji daga nisan kilomita da dama, hanya ce ta tara iyali da gargaɗin maƙwabta.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara, domin ya shiga bakin jama'a har da masu horar da karnuka. A 1947 Rudolf Schenkel ya wallafa abin da ya gani a gidan namun daji na Basel, inda aka tara kyarketai baƙin juna a keji guda suna ta faɗan neman fifiko. Daga nan aka samo ra'ayin cewa kowane gungu yana da shugaba da ya hau da ƙarfin haƙori. David Mech ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970. Shi Mech ɗin ne kuma, bayan shekaru yana kallon kyarketai a sake a tsibirin Ellesmere, ya fito a 1999 ya warware maganar: gungun daji uba ne da uwa da 'ya'yansu. Ina girmama wannan malami saboda ya ƙaryata littafinsa da kansa tun yana kan ganiyarsa. Abin da ya faru kuma gargaɗi ne gare mu masu nazari: halin dabba a keji ba ya zama hujja a kan halinta a dawa.

Rassan da abin da ya ƙera su

Rassa nawa ne? Ya danganta da wanda aka tambaya da shekarar da aka tambaye shi. A 1944 Edward Goldman ya lissafa fiye da ashirin a Arewacin Amurka kaɗai, bisa awon ƙoƙon kai da launin fata. A 1995 Ronald Nowak ya sake awo ya mayar da su biyar. Babban kundin dabbobi masu shayarwa na 2005 ya jera sama da talatin a duniya, har da karen gida da dingo na Ostareliya. Ba dabbar ce take sauyawa ba, ma'aunin ne. Halitta mai tafiyar ɗaruruwan kilomita don neman aure ba ta bin iyakar da aka zana a taswira. Duk da haka bambancin da ke tsakanin gefe da gefe na gaske ne, kuma yana da dalilai.

Na farko sanyi. Tun 1847 Carl Bergmann ya lura cewa a cikin dangi ɗaya, na ƙasar sanyi sun fi na ƙasar zafi girma, saboda babban jiki ya fi riƙe ɗumi. Kyarkecin Alaska da yammacin Kanada, occidentalis, namijinsa yakan haura kilo 45, kuma an taɓa auna wani a Alaska a 1939 da ya kai kilo 79. Na Larabawa, arabs, kimanin kilo 20 ne, gajeren gashi, manyan kunnuwa masu fitar da zafi. Ba ya tara babban gungu domin hamada ba ta da abin ciyar da shi. Zomo, ɓera, mushe, juji da awakin makiyaya su ne abincinsa. Na can ƙuryar arewa, arctos, fari ne, kunnuwansa gajeru, yana rayuwa a inda rana take ɓacewa watanni.

Na biyu abinci. A gaɓar tekun yammacin Kanada akwai kyarketai masu iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, suna cin kifin salmon da sauran abin da teku ta bayar, kuma ƙwayoyin gadonsu sun bambanta da na 'yan'uwansu na cikin tudu duk da kusancin wuri. Na uku tsawo. Kyarkecin Himalaya da Tibet yana zaune sama da mita 4,000, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, kuma yana ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EPAS1 da ke taimaka wa jininsa. Shi da kyarkecin filayen Indiya, pallipes, su ne tsofaffin zuriyoyi a cikin jinsin, sun rabu da sauran tun da daɗewa.

Wasu rassan mun rasa su. Na Hokkaido ya ƙare wajen 1889 bayan an bi shi da guba don kare dawaki, na ƙarshe kuma a babban tsibirin Jafan an kashe shi a lardin Nara a 1905. Na Meziko, baileyi, saura ƙiris ya bi su: duk waɗanda ke raye yau jikokin guda bakwai ne kacal, kuma sai a 1998 aka sake sakin 11 a daji. A Isle Royale auren dangi ya durƙusar da su har suka koma biyu a 2016. Inda aka sassauta musu kuwa sun dawo. An kai 31 daga Kanada zuwa gandun Yellowstone a 1995 da 1996, sun shiga Faransa daga Italiya da ƙafarsu a 1992, sun sake haihuwa a gabashin Jamus a 2000. Makiyayan tumaki na can ba su yi murna ba, kuma kukansu gaskiya ne, irin wanda duk mai dabba zai gane.

Cuɗanyar jini

Kyarkeci, karen gida, koyot na Amurka, dilan Asiya da kyarkecin Habasha duk kuromosom 78 gare su, kuma inda suka haɗu suna iya barbara su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Wannan ne ya sa bishiyar zuriyarsu take da rassa masu sake haɗewa bayan sun rabu. Baƙin gashin da ake gani a kyarketan Arewacin Amurka, binciken Tovi Anderson da abokan aikinta na 2009 ya nuna daga kare ya shigo musu. Akasin haka ya faru a Tibet, inda karnukan makiyaya suka gaji juriyar tsauni daga kyarkeci.

Karen kansa kyarkeci ne da ya zauna da mutum. An tono kabarin kare tare da mutane a Bonn-Oberkassel na Jamus mai kimanin shekara 14,000. A 2022 Anders Bergström da tawagarsa sun nazarci ƙwayoyin gadon tsofaffin kyarketai 72, suka gano cewa karnuka sun sha daga tushe biyu, kuma na Afirka da Gabas ta Tsakiya suna da kaso mai yawa daga tushe na biyu, mai kusanci da kyarketan kudu maso yammacin Asiya. Wato karen da ke bin maharbi a bayan Tamale yana da nasaba da irin kyarkecin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Bambancin da ya fi ba ni sha'awa na ciki ne: kyarkeci yana da kwafi biyu na ƙwayar AMY2B mai narkar da sitaci, yawancin karnuka kuwa suna da ninkin haka, shi ya sa kare yake rayuwa a kan ragowar tuwo.

Dilan da ya zama kyarkeci

Yanzu mu dawo gida. A 1820 Frédéric Cuvier ya bayyana wani dila daga Sanagal ya kira shi Canis anthus. Bayan shekara goma sha biyu, Hemprich da Ehrenberg suka bayyana wani daga Masar da sunan Canis lupaster, sunan da ke nuna kamarsa da kyarkeci. A 1880 Thomas Huxley ya duba ƙoƙon kan na Masar ya ce ya yi kama da na kyarkecin Indiya. Ba a bi ta kansu ba. Kusan duk ƙarni na ashirin an cusa waɗannan dabbobi ƙarƙashin Canis aureus, dilan Asiya da kudancin Turai, don kawai girmansu da launinsu sun zo ɗaya. Walter Ferguson ya sake tayar da maganar a 1981, ita ma ta kwanta.

Ƙwayoyin gado ne suka raba gardama. A 2011 Eli Rueness da abokan aikinta suka nuna cewa samfuran da aka ɗebo a Habasha sun fi kusa da kyarkeci. A 2012 Philippe Gaubert ya sami wannan zuriya a Aljeriya da Mali da Sanagal, wato ta shimfiɗu kimanin kilomita 6,000 daga gabas zuwa yamma. A 2015 Klaus-Peter Koepfli da tawagarsa suka tabbatar da cewa jinsi ne mai zaman kansa, wanda ya rabu da layin kyarkeci da koyot kimanin shekara miliyan 1.3 da suka wuce, alhali dilan Asiya ya riga ya rabu tun kimanin miliyan 1.9. Kama da wane ba ta wane, in ji Bahaushe: yanayi iri ɗaya da abinci iri ɗaya ne suka ba su siffa ɗaya. Sai kuma a 2018 Shyam Gopalakrishnan ya nuna cewa asalinsa haɗi ne, kimanin kashi 72 cikin ɗari daga kyarkeci mai ruwan toka, 28 daga kyarkecin Habasha. Taron ƙwararru da aka yi a Fotugal a 2019 ya tsayar da sunan Canis lupaster, kyarkecin Afirka, ya kuma cire sauran diloli biyu na Afirka daga gidan Canis ya mayar da su Lupulella.

Wannan dabba, mai nauyin kilo 7 zuwa 15, ita ce ke kuka da dare a dajin Sahel, daga Sanagal da Mali zuwa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi. Ita ce Malam Dila na tatsuniya, wanda kura ba ta taɓa cin galaba a kansa ba. Zamanta miji da mata ne, wani lokaci da 'ya'yan bara masu taya reno, daidai tsarin babban ɗan'uwanta amma a ƙaramin ma'auni. Tana cin ɓera, gafiya, fara, ƙadangare, 'ya'yan itace, mushe, da 'yan awaki da 'yan raguna idan ta samu sake. Jininta ma ya shigo gari: nazarin da Yan-Hu Liu da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 kan karnukan gida na Najeriya ya sami alamar gadon kyarkecin Afirka a jikinsu.

Abin da ke ci mini rai a wannan tarihi shi ne dabbar ba ta ɓuya ba. Makiyayi ya san sawunta, maharbi ya san raminta, yara sun san kukanta. An yi kusan shekara ɗari biyu ana jayayya a kanta a ɗakunan adana fatu na Turai, mu da muke kwana da ita ba a ji muryarmu a jayayyar ba.

Arewacin Gana

Tamale tana cikin dajin savanar Gini, mai kaɗanya da ɗorawa da doguwar ciyawa, kudu da busasshen yankin da kyarkecin Afirka ya fi so. Dilan da aka tabbatar a irin wannan daji shi ne mai zane a haƙarƙari, Lupulella adusta, wanda tsohuwar zuriya ce ta Afirka, nesa da kyarkeci fiye da yadda karen gida yake. Ke nan Bahaushen Maraɗi da Bahaushen zangon Tamale suna iya cewa dila, kowa da dabbar da ya gani.

Hujja mafi ƙarfi da muke da ita ta fito ne daga gandun Mole, yamma da Tamale kusa da Larabanga, wanda ya zama gandun ƙasa a 1971 kuma ya haura murabba'in kilomita 4,500. Tsakanin 2006 da 2009 Cole Burton da ma'aikatan hukumar namun daji ta Gana sun ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a sassan gandun. Daga cikin masu cin nama 16 da tarihi ya nuna sun taɓa zama a wurin, tara suka gani. Kura da damisa da dila mai zane suna ciki. Zaki da kyarkeci mai dabbare-dabbare ba su fito ba. Wannan na biyun, wanda kakanninmu suka san farautarsa ta gayya, ya kusan ƙarewa a Afirka ta Yamma baki ɗaya, sai ɗan abin da ya rage a gandun Niokolo-Koba na Sanagal. Idan babban gandun ƙasa ya yi irin wannan asara, dajin da ba shi da mai gadi, wanda ake ƙonawa kowane rani ana bi da karnuka da kulake, ya fi shi shan wuya.

Akwai kuma batun lafiya, wanda shi ya fi taɓa mutanen unguwa. Kusancin jinin da na bayyana yana nufin cutar ɗaya tana kama ɗaya. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon karen gida. Yara ne suka fi shiga hatsari. Wannan ciwo ne ya yi wa kyarkecin Habasha, wanda jimillarsa ba ta wuce kusan 500 ba, mummunar ɓarna a tsaunukan Bale a farkon shekarun 1990 da kuma 2003, kuma daga karnukan ƙauye ya hau tsaunin. Allurar da za a yi wa kare a Choggu tana kare yaron gidan, tana kuma kare dilan da karen zai gamu da shi ranar farauta. Ga wanda zai ce kare najasa ne, ba ruwansa da shi, sai in ce malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki karen mai rai najasa ba, kuma an halatta riƙe shi don gadin dabbobi da gona da farauta. Wanda ya riƙe shi, lafiyarsa tana wuyansa.

Aikin da nake ba da shawara ba mai tsada ba ne. Hanyar Tamale zuwa Walewale, Bolgatanga da Paga tana ratsa daji daga savanar Gini zuwa ta Sudan, har bakin iyakar Burkina Faso, daidai inda ake sa ran mazaunin diloli biyun zai kusanci juna. Ɗaliban Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa, wadda aka kafa a nan Tamale a 1992, za su iya tattara gashi da kashi da ɗan yankin kunnen dabbar da mota ta buge, su kuma ɗauki hoton tsofaffin fatun da ke hannun maharba da masu maganin gargajiya. Kada a sayi sabuwar fata ko a sa lada a kan gawa, don kada bincike ya zama dalilin kisa, kuma a nemi izinin hukumar namun daji kafin a fara. A zauna da sarakunan maharba da ardoɗin Fulani, da Dagbanli da Fulfulde da Hausa, a rubuta abin da suka faɗa da sunan garinsu da lokacin da suka ga dabbar. Kowane samfuri a haɗa shi da abubuwa uku da ido zai iya gani: ko akwai farin zane a haƙarƙari, tsawon kunne, da launin ƙarshen wutsiya, domin na dila mai zane fari ne, na kyarkecin Afirka kuwa baƙi. Samfuran da suka saɓa wa wannan rabo, ko suka haɗa alamun biyu, su za a fara aikawa ɗakin gwajin ƙwayoyin gado, tare da na karnukan farauta na ƙauyen da aka same su.